Hanji a Waje, Ƙoda Cikin Ƙishi

Likitan tiyata ya gama aikinsa, ɗinki ya kama, zazzaɓi ya sauka, an sallami mara lafiya da jaka manne a gefen cikinsa na dama. Dangi na hamdala, 'yan dubiya na sintiri. Fargabar kowa ita ce kada ciwon ya yi ruwa ko ɗinki ya warware. Amma a asibitocin da suka zauna suka ƙirga, ba wannan ne ya fi dawo da irin waɗannan marasa lafiya kan gado ba. Ƙarancin ruwa a jiki ne, kuma sau da yawa kafin a dawo da su ƙoda ta riga ta taɓu.

Aikin da ake magana a kai shi likitoci ke kira iliyostomi. Ana huda fatar ciki a jawo wajen ƙarshen ƙaramin hanji, a ɓullo da shi waje, a ɗinke bakinsa da fata, sannan a manna jaka tana tarar abin da ke fita. Idan na wucin gadi ne, manufar ita ce a kautar da bayan gida daga wani wuri da ke can ƙasa, wanda aka yi wa ɗinki ko ya kumbura, har ya samu ya warke, daga baya a mayar da hanjin ciki. A Turai da Amurka yawancin masu shi waɗanda aka cire wa sankarar dubura ne, ko masu fama da cututtukan kumburin hanji. Mu ma muna da waɗannan, amma muna da wani rukuni da su can sun daɗe da mantawa da shi: waɗanda taifod ta huda wa hanji. Ƙwayar cutar ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, inda take cin bangonsa har ta ɓula shi, galibi a mako na biyu ko na uku na zazzaɓin. Idan huda ɗaya ce likita yakan ɗinke ya rufe ciki. Idan kuwa ta yi yawa, ciki ya cika da mugunya, hanjin ya yi laushin da ba zai riƙe zare ba, sai a fito da shi waje a ceci rai tukuna. Likitocin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya, da na asibitin ƙasa na Damagaram da asibitin Galmi a Nijar, duk sun yi rubuce-rubuce a kan wannan huda, kuma yawancin waɗanda take samu yara ne da matasa. Sukan iso asibiti a rame, bayan makonni ana fama da zazzaɓi a gida. Da wannan jikin za su fara rayuwa da jaka.

Me ya haɗa hanji da ƙoda? Lissafin ruwa ne. A kowace rana wajen lita tara na ruwa ke bi ta hanjin babban mutum. Abin da ya sha da wanda ke cikin abincinsa bai wuce lita biyu ba. Sauran duk jiki ne ke zuba shi don narkar da abinci, tun daga yawu da ruwan tumbi har zuwa na matsarmama. Ƙaramin hanji ya tsotse mafi yawa, ya miƙa wa babban hanji lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Shi kuma babban hanji ya tsotse kusan kashi 90 cikin 100 na wannan, haɗe da gishirinsa. Shi ya sa bayan gidan mai lafiya ke fita da kauri, ruwan da ke cikinsa bai fi mililita 100 zuwa 200 ba.

Mai iliyostomi an tsallake masa babban hanjin nan ɗungurungum. Yana nan a cikinsa, amma ba abin da ke isa gare shi, don haka ruwan da ya kamata ya koma jini jaka yake tafiya. Bayan 'yan makonni ƙaramin hanji yakan ɗan koyi aikin babban, abin da ke fita ya yi kauri kamar kunu, ya tsaya a wajen mililita 500 zuwa 800 a rana. Da wannan mutum zai iya rayuwarsa. Sai dai ba kowa ke samun haka ba, musamman a makonnin farko. Idan abin da ke fita ya wuce lita ɗaya da rabi a yini da kwana, likitoci na ɗaukar sa ya yi yawa. Wani bincike da aka yi a birnin Lesta na Ingila, aka buga a 2011, ya samu cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na waɗanda aka fito wa da ƙaramin hanji yana zubar da sama da lita biyu a rana a makonni ukun farko. Kuma ba ruwa zalla ke fita ba. Kowace lita tana tafiya da gishirin da ya kai kusan cokalin shayi guda. Wanda ya zubar da lita biyu ya yi asarar cokali biyu, gobe ma haka, jibi ma haka.

Ita kuwa ƙoda da jini take aiki. Duk ƙanƙantar su, ƙodoji biyun nan suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa, su tace wajen lita 180 a rana, su mayar da kusan duka, su bar lita ɗaya da rabi ta fita a matsayin fitsari. Da zarar ruwa da gishiri sun ragu a jini, ƙoda takan gane tun kafin mai jikin ya gane. Sai ta fara tsimi: ta riƙe gishiri, ta riƙe ruwa, fitsari ya ragu ya yi ja. Wannan dabara ta kwana ɗaya ko biyu ce, irin ta mai gudawa da zai warke. Mai jaka kuwa gudawarsa ba ta tsayawa. Manoman rani sun san abin da ke samun injin ban ruwa idan rijiya ta ja baya: in ya ɗan shaƙi iska aka yi maza aka kashe shi, ruwa na dawowa zai tashi, amma in aka bar shi yana gudu a bushe, sai ya ƙone. Haka siraran bututun da ke cikin ƙoda suke. Ƙishin kwana biyu ƙarin ruwa ke gyara shi. Wanda ya daɗe yana kashe ƙwayoyin halittar bututun, kuma ko da an farfaɗo, matatun da suka mutu ba sa sake tsirowa. Kowace ƙoda da matata wajen miliyan ɗaya aka halicce ta, daga nan sai raguwa.

A nan ne zancen wucin gadi yake ruɗin mutane. Jakar za a cire, amma tabon da ƙoda ta samu yana iya zama. Wani babban bincike da ya bi bayanan dubban mutanen da aka yi wa aikin hanji a lardin Albata na Kanada, aka buga a 2021, ya nuna cewa waɗanda aka sallama da iliyostomi sun ninka sauran kusan sau huɗu wajen haɗarin samun raunin ƙoda na farat ɗaya a watanni ukun farko bayan sun koma gida, kuma sun fi su faɗawa ciwon ƙoda mai ɗorewa daga baya. Wannan a ƙasar sanyi ke nan, inda gwajin jini ba ya gagarar kowa. Sai ka auna da Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, gumi na ɗibar nasa rabon ruwa da gishiri a kan wanda jaka ke ɗiba.

Abin da ya fi ba da takaici shi ne shawarar da kowa ke bayarwa da kyakkyawar niyya: a sha ruwa da yawa. Ga wanda jakarsa ke fitar da daidai, ba laifi, ya sha yadda ya saba, ya ƙara gishiri a abinci. Amma ga wanda tasa ke ambaliya, wannan shawara ƙara rura wutar take yi. Bangon farkon ƙaramin hanji ba ya riƙe gishiri sosai. Idan ruwan da babu gishiri a cikinsa ya shigo, gishirin jini ne ke ratsowa ya shiga cikinsa har su daidaita. A jikin mai lafiya ba matsala, babban hanji zai ƙwato shi a gaba. A jikin mai iliyostomi babu mai ƙwatowa, ruwan ya wuce jaka ya tafi da gishirin da ba da shi ya shigo ba. Mutum ya ji ƙishi ya kwankwaɗi ruwan sanyi, jaka ta cika, gishirin jini ya ragu, ƙishi ya ƙaru, ya sake kwankwaɗa. Zoɓo da lemon kwalba da shayi mai sukari sun fi ruwan ɓarna, domin yawan sukarin yana ƙara jawo ruwa cikin hanji. Su ne kuwa abin da 'yan dubiya suka fi shigowa da shi a leda.

Maganin da likitoci ke bi yana da wuyar karɓa a kunne. Sukan ce wa mai ƙishi ya rage ruwa zalla da shayi da lemo zuwa rabin lita ko lita ɗaya a rana, ya cike sauran da ruwan gishiri da sukari. Dalilin kuwa shi ne abin da wani masanin Amurka, Robert Crane, ya bayyana a 1960, cewa hanji na da ƙofar da gishiri ke shiga jini ta cikinta idan yana tare da sukarin gulukos, ruwa kuma ya bi su. A kan wannan aka gina ORS da iyaye mata suka sani wajen gudawar yara da kwalara. Sai dai akwai bambanci. A 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage gishirin ORS daga ma'auni 90 zuwa 75 a kowace lita, don ya fi dacewa da gudawar yara, alhali hanjin mai ambaliyar jaka ya fi tsotsar ruwan da gishirinsa ya kai 90. Haɗin gida da ake koyarwa a asibitin sha-ka-tafi, cokalin shayi shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita, ya fi ruwa zalla nesa ba kusa ba, amma gishirinsa bai kai ko na ORS ɗin leda ba. Shi ya sa asibitin St Mark's da ke Landan, wanda ya ƙware a cututtukan hanji, yake da nasa haɗin: giram 20 na gulukos, giram 3.5 na gishiri, giram 2.5 na bekin soda, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Bekin soda fa, ba hodar yin kek da cincin ba, ba kuma kanwa ba. Ana kurɓa kaɗan-kaɗan a tsawon yini, kuma ya fi shawuwa da sanyi, a ɗan matsa lemon tsami. Wannan haɗin babu sinadarin fotasiyam a cikinsa, ORS ɗin leda kuwa akwai, kuma ƙodar da ta riga ta raunana ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata. Don haka wanda gwaji ya nuna ƙodarsa ta taɓu, likitansa ne zai zaɓa masa wanda zai sha.

To ta yaya mai jinya a gida za ta san jaka ta wuce kima? Ba da ido ba, ido yana ƙarya. A samu babbar gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi, a yanke wuyanta. A fasa ledar fiya wata ɗaya a juye a ciki, a ja layi da maka a inda ruwan ya tsaya: rabin lita ke nan. A ƙara ta biyu a ja layi, a ƙara ta uku. An samu ma'auni. Duk lokacin da za a zubar da jaka, a fara juye ta a gorar nan, a duba layi, a rubuta a littafin makaranta, sannan a kai ban ɗaki. A yi wa fitsari tasa gorar daban. Kowace safiya a haɗa lissafin jiya. Babban mutum ana son jakarsa ta tsaya ƙasa da layi na uku, fitsarinsa kuma ya kusa layi na biyu, ya fito fari-fari. Ranar da jaka ta cika gora, ko fitsarin yini da kwana ya kasa kai layin farko, ba ranar jira ba ce. Haka in akwai jiri idan an miƙe tsaye, bushewar baki, murɗewar tsokar ƙafa, kasala, ko ido ya faɗa. In akwai sikeli a gida, raguwar kilo ɗaya cikin kwana ɗaya ba rama ba ce, lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. Na yara lissafinsu da nauyinsu ake yi, sai a nemi likita ya rubuta adadin a bangon littafin kafin a bar asibiti.

Kada a raina wannan gora da biro. A wani asibitin koyarwa da ke Boston a Amurka, sun tsara cewa ba za a sallami mai sabon iliyostomi ba sai ya iya kula da jakarsa da hannunsa, ya iya auna abin da ke shiga da abin da ke fita ya rubuta, sannan a riƙa bibiyar sa a gida. A rahoton da suka buga a 2012, masu dawowa saboda ƙarancin ruwa sun sauka daga kimanin kashi 15 cikin 100 zuwa babu ko ɗaya. Ba sabon magani suka ƙirƙiro ba. A ganina sallamar da ba a haɗa da wannan karatun ba rabin sallama ce. A asibitocinmu nas ɗaya ke riƙe da ɗaki guda, ranar sallama hankalin kowa na kan kuɗin gado da neman mota, kuma abin da ake samun nunawa bai wuce yadda za a manna jaka ba. Amma minti ashirin da za a ɓata a kan gora ya fi sauƙi a kan neman kuɗin wankin ƙoda.

Sai kuma kemis. Wanda aka tsaga wa ciki dole jikinsa ya yi ciwo, ɗan aike kuma ba zai ce wa mai kemis mara lafiyar na da jaka ba, zai dai ce a haɗa masa maganin ciwon jiki. A cikin haɗin da wuya a rasa diklofenak ko ibuprofen ko firoksikam. Waɗannan suna toshe hanyar da ƙoda ke bi ta buɗe jijiyoyinta idan jini ya yi ƙaranci, wato suna ƙwace mata dabararta ta ƙarshe a daidai lokacin da take buƙatar ta. Farasitamol ya fi aminci. Dattijon da aka yi wa aikin sankara kuma galibi yana da hawan jini ko ciwon suga, ya koma gida ya ci gaba da shan magungunansa na da: lisinofiril ko losatan, ƙwayar sa fitsari irin Lasix ko Moduretic, ko metfomin. Magunguna ne masu kyau, amma an rubuta masa su ne lokacin da babban hanjinsa ke aiki. Dole a sake duba su kafin sallama, a kuma faɗa masa waɗanda zai dakatar ranar da jaka ta ɓalle. Jiƙe-jiƙen wankin ciki kuwa babu ma zancensu.

Akwai magungunan da ke taimakawa. Loperamide yana rage gudun hanji, kuma ya fi aiki idan an sha shi rabin awa kafin abinci. Likita kan ba da shi fiye da abin da aka rubuta a kwali, sai dai bayan ya tabbatar ba toshewa ko wata cuta ce ke jawo ambaliyar ba, domin hanjin da ya ɗan toshe ma yakan yi ta fitar da ruwa tsararo. Omeprazole na rage ruwan da tumbi ke zubawa. A abinci, tuwon shinkafa da dankali da taliya da ayaba da burodi suna sa kauri. Gyaɗa da aya da kwakwa da gasasshiyar masara da guguru kuwa suna iya cushe bakin hanjin, musamman a makonnin farko, in ba a tauna su sosai ba.

Akwai abin da ba ya fitowa a gwajin jini, kuma shi ma yana kai mutane ga wankin ƙoda: kunya. Magidanci zai ƙi ci ya ƙi sha tun safe don kada jaka ta cika ko ta yi ƙara yana cikin sahu ko a gaban baƙi. Inda jakar kanti ta gagara saya, aka koma ga leda da tsumma da filasta, abin ya fi tsanani, domin ruwan ƙaramin hanji yana cin fata, mutum ya ga gara ya rage abin da ke fita ta hanyar rage abin da ke shiga. Hanji kuwa ba ya daina zuba nasa ruwan don an ƙi ci. Haka batun azumi. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma mai sabon iliyostomi, ko wanda jakarsa ke ambaliya, yana cikin waɗanda yini guda babu sha zai iya cutarwa ƙwarai. Ya kamata likita ya faɗi wannan da bakinsa tun kafin a ga wata, kada ya jira a tambaye shi, don da yawa ba za su tambaya ba.

Gwajin ƙoda da ake yi a jini yana auna wani sinadari da ake kira kiriyatinin, wanda tsoka ke samarwa ƙoda ta fitar. Idan ya ƙaru da rabin yadda yake cikin mako guda, an samu rauni. Sai dai yaron da taifod ta cinye wa tsoka kiriyatinin ɗinsa ƙasa yake tun asali, don haka takarda na iya nuna adadi mai kyau alhali ya ninka nasa na da. Shi ya sa ake son a riƙe sakamakon ranar sallama a cikin littafin nan, a sake gwaji cikin mako ɗaya ko biyu a kwatanta. Wanda ya daɗe da jaka kuma yana fuskantar tsakuwar ƙoda, saboda fitsarinsa kaɗan ne kuma mai tsami.

Magani na gaskiya shi ne a mayar da hanjin. Bisa al'ada ana yi bayan mako takwas zuwa sha biyu, amma masu karɓar maganin sankara sukan kai wata shida ko fiye, kuma shi kansa maganin yana ƙara gudawa. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Denmak da Suwidin, aka buga a 2017, ya nuna cewa a cikin zaɓaɓɓun marasa lafiyar da ɗinkinsu ya kama, ana iya rufewa tun a kwana na 8 zuwa 13 kuma matsaloli su ragu. Wasu gwaje-gwajen a wasu ƙasashe kuwa dakatar da su aka yi saboda matsalolin da rufewar wuri ta jawo, don haka maganar ba ta zama doka ba. A wajenmu ma abin da ke jinkirta aiki na biyu sau da yawa ba shawarar likita ba ne. Aikin farko ya riga ya cinye akuya da buhun gero, layin tiyata na da tsawo, yaron kuma bai yi ƙwarin da za a sake sa masa wuƙa ba, saboda jakar da ake son cirewa ita ke hana shi ƙiba. Idan za a tsara layi, wanda aka taɓa kwantarwa saboda ƙarancin ruwa, ko wanda kiriyatinin ɗinsa ke hawa, shi ya cancanci gaba. Bayan an rufe kuma, duk wanda ƙodarsa ta taɓa rauni a lokacin jaka yana buƙatar a sake auna masa jini da fitsari da hawan jini bayan wata uku, ko da yana jin kansa garau, domin ƙoda takan yi asarar fiye da rabin ƙarfinta mai ita bai ji komai ba.